Yaya, ramar Inna ba tsufa kaɗai ba ce

Assalamu alaikum Yaya, ya gida ya yara, ya jikin Inna? Hoton da kika turo min ya hana ni barci wallahi, hannunta duk ya zama ƙashi da fata.

Tsohon da nike kula da shi nan Ingila ciwonsu ɗaya da Inna, ciwon huhu mai hana numfashi wanda likitoci ke ce ma COPD, shi taba ta jawo mai, ita kuwa hayaƙin icce na shekara da shekaru a murhu. Ran da munka kai shi asibiti ba huhun kaɗai sunka duba ba, sun ɗora shi kan sikeli, sun auna tsawo, sannan wata na'ura ta nuna nawa ne tsoka nawa ne kitse a jikinai, har wani ƙarfe sunka ba shi ya matse don a ga ƙarfin hannu. Likitar abinci ta ce min mai wanga ciwo numfashin ma aiki ne, yana cin ƙarfin jiki, ga haki ba ya barin mutum ya ci ya ƙoshi, sai tsoka ta dinga zubewa har da wadda ake jan numfashi da ita. In awon BMI, wato nauyin mutum gwargwadon tsawonai, ya sauka ƙasa da 21 hankalin likitoci tashi yake.

Sun rubuta mai Fortisip Compact, wani abin sha mai gina jiki, 'yar roba ce mililita 125 amma kalori 300 ke ciki, kuma wanda ya kai shekara 60 ba ya biyan kuɗin magani nan. Sai dai samun ganin likita jira ne na makonni.

Amma Yaya abinci kam mun fi su. Nonon nan ruwa-ruwa ne, ina zai kama ƙafar kindirmon Sakkwato? Ki dama mata fura da nono mai kauri, kunun gyaɗa, ƙwai, wake, kifi in an samu, man shanu cikin miya. Kar a cika mata kwano da tuwo, kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a yini, tana zaune a miƙe, ruwa sai bayan ta gama. Ta riƙa ɗan tattaki a tsakar gida, kwanciya ita ke ƙara cinye tsokar. Kuma don Allah a nisanta ta da murhu, hunturu ma ga shi tafe da ƙura.

Na tura kuɗi a sayi sikeli, duk Jumma'a ki auna ta ki rubuta, ki nuna ma likita ran asibiti. Ki gaishe min da ita.