Haɗin akirilik na gyaran filin kwando da tanis: abin da yake iya yi wa daɓen Gombe da abin da ya fi ƙarfinsa

'Yan kwangilar da ke zuwa daga Abuja ko Legas gyaran filayen wasa na makarantu da barikoki a Gombe kusan kaya iri ɗaya suke saukewa daga mota: bokitin maganin tsaga, jarkar farin ruwa mai kama da madara da ake kwaɓa faci da shi, duron shafen ƙasa da ake fara shimfiɗawa kafin launi, duron launi, sai farin fenti na layi. Duk na akirilik ne, wato sinadarin fenti mai kama da roba, dangin kayan da ake shimfiɗa wa filayen gasar tanis ta US Open a Amurka, ko da yake inganci ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Hukuncinmu a kansu: huɗu sun ci kuɗinsu, amma maganin tsagar, wanda shi aka fi tallatawa, shi ne mafi rauni a ƙasarmu.

Filin ƙwallon kwando mita 28 ne a tsawo, 15 a faɗi. Kankare mai wannan tsawon, in zafinsa ya sauya da digiri 30 tsakanin asubahin hunturu da azahar ɗin Afrilu, yana miƙewa ya tsuke da kusan milimita 8. In magini bai yanka masa gaɓoɓi kowane mita 3 zuwa 4 ba, da zurfin rubu'in kaurin daɓen, to shi zai buɗa wa kansa a inda ya ga dama. Ga kuma ƙasan: wajen Deba, Dadin Kowa da Cham akwai baƙar laka mai kumbura da damina, ta dare da rani. A cikin gari kuwa yashi ne, ruwa na bin gefen daɓe ya kwashe cikon da ke ƙarƙashi. Tsagar da ta fito daga ɗayan waɗannan mai motsi ce, kuma maganin akirilik ba ya riƙe ta. Za a cike a Nuwamba, kafin azahar ɗin bazara ta biyu ta dawo daidai inda take, wani lokaci da 'yar'uwarta a gefe.

Inda maganin yake aiki shi ne tsagar da ta riga ta tsaya, wadda faɗinta bai wuce santimita 1 ba, kuma leɓunanta biyu suna daidai. Gane ta ba wuya: a ɗana ɗan siminti siriri a kan tsagar a wurare uku, a bar shi ya ratsa ƙarshen damina zuwa rani. In ya fashe, tsagar na motsi. In gefe ɗaya ya ɗara ɗaya tsawo, a duba ko akwai dogon yaro kusa, domin saiwarsa tana tafiya nesa a ƙarƙashin daɓe, sai an haƙa rami a gefen fili an datse ta. Filin kwalta kuwa da ya yi tsaga-tsaga ƙanana a haɗe kamar bayan kada, cikon ƙasansa ne ya mutu. Wannan ba aikin bokiti ba ne; a yanke wurin, a sake zuba jar ƙasa da tsakuwa a daddaɓe.

Ko a tsagar da ta tsaya, rabin aikin shara ne. A buɗa bakinta da injin giranda, a tone ciyawa da saiwarta, a kankare da buroshin ƙarfe, a hure ƙurar da bulowa. Mai zuba magani a kan ƙura, ƙurar ya liƙe, ba kankare ba. A danna shi da cokalin gini har ya kai ƙasa, kuma da yake yana tsukewa in ya bushe, sai an koma karo na biyu. Ga tsaga mai motsi da gaɓoɓin daɓe, abin da ya fi shi ne igiyar soso a cusa ciki, a bi da abin liƙi na foliyuretan mai talewa. Zai bar ɗan layi da ido ke gani, amma ruwa ba zai shiga ba, kuma ruwan ne ke ƙara kumbura lakar. Narkakkiyar kwalta da wasu ke tsiyayawa a tsaga kada a yarda da ita: tana laushi da rana, ta huda launi ta fito baƙa, ta bi takalman yara.

Ruwan facin nan shi ne gwarzon haɗin. Da shi ake cike kwarin da ruwa ke kwanciya, wanda shi ne mafarin gansakuka da ɓawon fenti. A malale filin da ruwa, a jira awa ɗaya a rana, duk inda ruwa ya rage da zurfin da ya wuce milimita 2 a zagaye shi da alli. Ma'aunin da kamfanoni da dama ke bayarwa: busasshen yashi kilo 45, ruwan faci lita 11, siminti lita 4 zuwa 7 a tankaɗe. Simintin Ashaka na buhu ya isa. Ba a ƙara wa kwaɓin ruwa ko kaɗan. A fara shafa wa wurin ruwan facin da aka tsinka daban da ruwa, sannan a zuba kwaɓin a ja shi da miƙaƙƙen katako ko falangen alminiyom, kada shafe ɗaya ya wuce santimita 2. A zafin Gombe yana kamawa da wuri, saboda haka lebura ya riƙa kwaɓa kwano ɗaya-ɗaya. Washegari a goge bakin facin da dutse har yatsa ya daina jin gaɓa, in ba haka ba zanensa zai fito a ƙarƙashin launi. Ku gwada da facin siminti da yashi zalla da birkiloli ke yi: siririn gefensa ba ya kama tsohon kankare, yana ƙarar fanko in an buga ƙwallo, sannan ya ɓare.

Abin da facin ba zai iya ba shi ne gyara gangara. Fili na buƙatar gangarar kashi 1 cikin 100 zuwa gefe ɗaya, wato santimita 15 a faɗin mita 15. In an zuba shi a miƙe tun farko, a yi lambatu a gefe, a haƙura.

Yashi shi ne inda aka fi cutar mai fili. Shafen ƙasa da launi duka da yashi ake kwaɓa su, shi ke hana santsi. Wanda ake so mai laushi ne, ƙwayarsa kusan rubu'in milimita, wankakke, busasshe. Wasu don rage kuɗin mota sai su ɗebo na kogi su tankaɗe da ragar sauro. Ramin ragar ya fi milimita ɗaya, don haka tsakuwa na wucewa ta ja layi-layi a bayan robar da ake jan shafen da ita, lakar da ke ciki ta raunana fentin, ƙwayoyin ƙarfe kuma su yi ɗigon tsatsa bayan damina ɗaya. Ku nemi ganin buhunan yashin kafin a buɗe duro.

Lissafin kaya ga fili mai murabba'in mita 420: shafen ƙasa yana cin wajen lita 0.3 a kowace murabba'in mita kafin a tsinka shi, wato kusan lita 125 shafe ɗaya, kuma tsohon daɓe mai kaushi yana son shafe biyu. Launi shafe biyu ya kusa cinye duro guda mai lita 208. Duk wanda ya zo da bokiti huɗu ya ce zai gama filin, ruwa zai sayar muku. Ranar buɗewa zai yi kyau, bayan 'yan watanni ƙarƙashin kwando da layin jifa su koɗe har kankare ya leƙo. A rubuta yawan shafe da yawan lita a takardar yarjejeniya. Da faffaɗar roba ake jan sa, ba da rola ba, shafe na biyu ya gitta na farko. Layi santimita 5, da salatif ɗin takarda, kuma da farin akirilik. Fentin titi da fentin mai suna tsattsagewa a kansa. Tsohon fentin mai ma sai an kankare shi kaf, domin akirilik ba ya kama shi.

Kafin shafen farko a liƙe leda mai santimita 45 kowane gefe a kan daɓen ta kwana. In aka wayi gari da raɓa a ƙarƙashinta, danshi na tasowa daga ƙasa, kuma fentin zai yi ƙuraje ya ɓare. Yawancin tsofaffin filayenmu ba a shimfiɗa musu leda ba kafin a zuba kankare, shi ya sa wannan gwajin ba abin tsallakewa ba ne. Sabon kankare kuwa sai ya cika kwana 28.

Lokaci: ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba ya fi, ruwa ya ɗauke, ƙurar hunturu ba ta yi kauri ba. A Maris da Afrilu saman daɓe na iya kai digiri 60 da rana, fenti ya bushe a bakin roba kafin ya baje. In dole ne, a fara bayan sallar asuba a tashi da hantsi. Durorin su zauna a inuwa, kuma wanda aka buɗe yana tsami ko ya yi gudaji a mayar wa mai shi.

Kayan na shigowa ne daga waje, farashinsu na bin dala, don haka ba su da araha. In an yi daidai, shafen kan kai shekara 4 zuwa 8. Abin da ke rage masa kwana a nan ba ƙwallo ba ne: ƙafar kanofin biki, kujerun ƙarfe, jak ɗin babur da man da yake ɗigarwa, da shanyar masara da kaka. Makarantar da ba ta da katangar waya da mai riƙe makulli, gara ta tsaya a faci da liƙe gaɓoɓi da farin layi, ta ajiye kuɗin launi sai ta kewaye filin.