Keke Napep Daga Wunti Zuwa Yelwa: Abin Yabawa da Abin Gyara

Duk mai hulɗa da unguwar Yelwa, wadda ke bakin birnin Bauchi a kan hanyar Dass, ya san cewa Keke Napep ya zama babban abin hawa tsakaninta da Wunti da ke cikin gari. Makarantu ne suka raya wannan hanya. An kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Gwallameji a 1979, sannan jami'ar da aka buɗe a 1980, wadda ta zama Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa a 1988, ta zauna a Yelwa, sai gidajen haya da shagunan buga takardu da rumfunan abinci suka biyo ɗalibai, masu keke kuma suka biyo su duka.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba a daɗe ana jira da rana, kuma direbobin sun san lungunan Yelwan Tudu da Yelwan Makaranta sarai, ba sai an yi musu dogon kwatance ba. A keke ɗaya za ka ji Hausa da Sayanci da Jaranci da Yarbanci, domin hanyar ita ce ke kaiwa Dass da Tafawa Balewa, ɗaliban kuwa daga ko'ina a Najeriya suke. Na ga direba ya sauko ya ɗaure wa wata dattijuwa kwandon tumatir da roba, ya ce, "Mama, ki zauna a tsakiya, ya fi miki sauƙi," bai kuma ƙara mata ko sisi ba.

Sai dai lodin da ake yi yana damuna ƙwarai. Bayan mutum uku a baya, wasu direbobi kan ɗora fasinja a gefensu har ya matse musu hannu, alhali manyan motoci na bin wannan titi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin ya tashi, wanda ba laifin direba ba ne, amma bayan magariba ko in hadari ya haɗu kowa kan yanka nasa farashi, kuma ɗalibi mai ƙaramin ƙarfi ne ke shan wahala. Ya kamata ƙungiyar masu keke ta rubuta farashin kowane zango a allo a tasha. Kafin a yi hakan, fasinja ya yi ciniki tun bai shiga ba, ya kuma riƙe canji.