Garmin G5 a ƙaramin jirgin sama: tana biyan kuɗinta, amma a yi lissafin abin da ke biye da ita

Duk mai tsohon Cessna 172 ko Piper Cherokee ya san inda gizo ke saƙar: famfon zuƙar iska da ke juya agogon nuna karkatar jirgi da agogon alƙibla. Fikafikan cikin famfon na gawayi ne, ba sa sallama kafin su karye, shi ya sa ake yawan canza shi wajen awa 500. Mafi muni, in ya mutu agogon ba ya tsayawa nan take. A hankali yake langaɓewa, matuƙin da ke cikin gajimare ya yi ta bin ƙarya.

Wannan matsalar G5, agogon lantarki mai fuskar hoto na kamfanin Garmin wanda ba ya buƙatar famfon, ta zo magancewa. Fuskarta inci 3.5 ce, tana zama a ramin agogo na inci 3 da 1/8 ba tare da an yanka allo ba, kuma batirinta na ko-ta-kwana yana iya kai awa huɗu idan wutar jirgi ta ɗauke. Hukumar jiragen sama ta Amurka ta amince da ita a matsayin agogon karkata a 2016, sannan na alƙibla a 2017. Hotonta tar yake ko da rana, maɓalli ɗaya ake murzawa, ba a daɗe ana koyo.

Guda ɗaya dai ba ta raba ka da famfon. Sai an sa biyu, ta sama don karkata, ta ƙasa don alƙibla, kafin a cire famfon da tiyoyinsa a toshe mazauninsa a bayan inji. A nan kuɗi ke ƙaruwa. Ta alƙibla tana buƙatar GMU 11, mai auna maganaɗisun ƙasa, kuma don ta yi magana da GPS irin GNS 430W ko GTN 650 sai an ƙara GAD 29B, na'urar da ke haɗa su. Kuɗin aikin injiniya kuwa ba abin rainawa ba ne.

Yawancin ƙorafin da ake ji, daga wajen haɗawa yake. GMU 11 ba ta shiri da ƙarfe mai kama maganaɗisu ko wayar fitila mai walƙiya. Can cikin fiffike ake kai ta, a ɗaure da sukurun da maganaɗisu ba ya kamawa, a yi gwajin katsalandan kafin a rufe. In an yi ganganci, da an kunna fitila alƙibla za ta kauce. Layin CAN da ke haɗa na'urorin yana son matoshi mai om 120 (ma'aunin juriyar lantarki) a kowane ƙarshensa, biyu kacal. In an manta ɗaya, saƙo ya riƙa yankewa jefi-jefi, irin ciwon da ke wahalar ganowa. Haka kuma dole a daidaita jirgin ya tsaya sak a ƙasa kafin a saita karkata, a yi gwajin girgiza inji na aiki, a kuma gwada yoyon bututun iska na auna gudu da tsayi tunda an taɓa su.

Abu biyu masu saye ke yawan mantawa. Gudu da tsayin da G5 ke nunawa na taimako ne kawai, don haka tsofaffin agogunan gudu da tsayi suna nan daram. Sannan ba ta ba tsofaffin na'urorin tuƙi da kai irin KFC 200 bayanin karkata. Mai irin wannan ya duba GI 275, wata na'urar Garmin makamanciyar G5, wadda ta fito a 2020, duk da ta fi tsada. Wanda kuma ke da niyyar sa GFC 500, na'urar tuƙi da kai ta Garmin, nan gaba, G5 na iya zama tubalin farko, gara ya sa a ja wayoyin tun allo yana buɗe.

Mai tashi da rana kawai, sama garau, zai iya jira har agogonsa ya lalace. Mai shiga gajimare da famfo ɗaya tal, G5 biyu zai saya, kuma ya riƙa sa a gwada ƙarfin batirin a binciken shekara.