Gargaɗi kan masu sayar da takardar naɗin fasto da sunan izinin ɗaura aure

Akwai wata talla da ke yawo a Facebook da zaurukan WhatsApp, musamman tsakanin 'yan Afirka mazauna Amurka da danginsu na gida, wadda ya kamata a yi hattara da ita tun kafin ta cinye kuɗin mutane ta kuma jefa auren bayin Allah cikin rikici. Masu tallar suna cewa idan mutum ya biya su, cikin 'yan kwanaki za su samo masa takardar naɗi daga wata coci a Amurka, wadda za ta mayar da shi limamin da doka ta sani, har ya iya ɗaura aure a kowace jiha, kai har ma a kowace ƙasa ta duniya. Sukan nuna hoton takardar da hatiminta mai ruwan zinariya, da katin shaida mai hoto irin wanda ake ratayawa a wuya, wasu kuma su ƙara da cewa takardar hanya ce ta samun bizar ma'aikatan addini. Akwai ɗan ƙanshin gaskiya a cikin zancen, shi ya sa damfarar take kama har da masu ilimi.

Gaskiyar ita ce akwai majami'u a Amurka da ke naɗa duk wanda ya nema. Wadda ta fi suna ita ce Universal Life Church, wadda Kirby Hensley ya yi wa rajista a garin Modesto na jihar Kalifoniya a 1962, ta kuma shekara da shekaru tana naɗa mutane ta gidan waya kafin zuwan intanet. Akwai kuma American Marriage Ministries da aka kafa a birnin Siyatil a 2009. Waɗannan ba su ne 'yan damfarar ba, domin a fili suke aikinsu, kuma akasarin jihohin Amurka suna karɓar auren da mutanensu suka ɗaura. Abin da dillalan suke ɓoyewa shi ne naɗin kyauta ne. Mutumin da ya kai shekara 18 zai shiga shafinsu da kansa, ya rubuta sunansa da adireshinsa na imel, cikin 'yan mintuna an gama, sai dai idan yana son bugaggiyar takarda ya saya a kan farashin da aka rubuta a fili. Ke nan dillali ya zauna ne da wayarsa ya shigar da sunanka a wurin da ba a biyan ko sisi, ya karɓi dalolinka. Wannan ma mai sauƙin-sauƙin ne a cikinsu, domin wasu a kwamfuta suke zana takardar da sunan cocin da ba ta da ko adireshi.

Babbar ƙaryar tana cikin kalaman nan nasu na cewa takardar tana aiki a ko'ina. A Amurka kowace jiha ce ke da dokar aurenta, kuma kotuna sun daɗe suna saɓani a kan irin wannan naɗi. A 1974 kotun ƙolin jihar Bajiniya ta amince da janye izinin ɗaura aure daga hannun wasu da Universal Life Church ta naɗa, bisa hujjar cewa ƙungiyar da kowane mabiyinta limami ne ba ta keɓe kowa don wannan aiki ba. A 1980 kotun ƙolin Karolaina ta Arewa ta ce bikin da wani uba ya jagoranta wa 'yarsa da takardar naɗin da ya samu ta gidan waya bai zama aure a idon doka ba. A 1989 wata kotun ɗaukaka ƙara a jihar Niyok ta rushe irin wannan aure tare da yarjejeniyar dukiyar da ma'auratan suka rattaba wa hannu, sannan a 2013 wani sashe na kotun ya ƙi bin wannan hukunci ido rufe. A Fensilbeniya, alƙalin gundumar York ya soke wani aure a 2007 saboda wanda ya ɗaura shi ba shi da jama'ar da yake yi wa hidima, amma shekara guda bayan haka alƙalin gundumar Bucks ya tabbatar da makamancinsa. Jihar Tenesi ta yi doka a 2019 da ta hana waɗanda aka naɗa ta intanet ɗaura aure, sai kotun tarayya ta dakatar da aiwatar da ita. Duk wanda ya san wannan tarihi, idan yana da tsoron Allah, ba zai buɗe baki ya yi wa kowa alkawarin kowace jiha ba.

Ko a wuraren da ake karɓar naɗin, takardar ita kaɗai ba ta isa ba. A birnin Niyok dole mai ɗaura aure ya yi rajista a ofishin magatakardan birni, a Ohayo sai ya karɓi lasisi daga ofishin sakataren jiha, a Nebada kuma sai magatakardan gunduma ya ba shi takardar izini. Su ma ango da amarya suna da nasu aikin, domin su ne za su karɓo lasisin aure. A jihar Niyok sai an jira awa 24 bayan karɓar lasisin kafin a ɗaura, yana aiki na kwana 60, kuma wanda ya ɗaura auren zai sa hannu tare da shaidu ya mayar da shi ofishin da ya bayar cikin kwana 5. Dillali ba ya ambaton ko ɗaya daga cikin waɗannan, saboda da zarar kuɗi sun shiga hannunsa ya gama nasa.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ke biyan asarar. Ranar biki babu mai tambayar takardar kowa: an yi addu'a, an raba goro da dabino, an ɗauki hotuna, kowa ya watse. Sai bayan shekaru, ranar da miji ya rasu aka zo rabon gado, ko aure ya mutu aka je kotu a kan gida da kuɗin ciyarwa, ko mace ta nemi takardar zama a ƙasa ta hanyar mijinta, sannan wani lauya ko jami'i zai duba ya ce a dokance ba a taɓa yin aure ba. Yawanci matar ce da 'ya'yanta ke kwana a ciki, alhali ba ita ta sayi takardar ba, ba ta ma san da ita ba.

Musulmi mazauna can su sani cewa ba su da wata buƙata da wannan takarda. Aure a Musulunci yana ƙulluwa da waliyyi da sadaki da shaidu da siga, kuma dokokin jihohin Amurka sun san limamin masallaci kamar yadda suka san fasto, don haka abin da ke kansa shi ne rajistar da garinsa ya shar'anta, da takardun masallacinsa. Wanda ya ce sai malaminku ya sayi naɗin coci kafin sa hannunsa ya karɓu, aljihunku yake hari. Idan kuwa ɗan'uwa ko aboki ake so ya jagoranci bikin, hukuma da kanta ta buɗe ƙofa: tun 2023 jihar Niyok tana ba da lasisin ɗaura aure na yini ɗaya a kan dala 25, Masacusets da gundumomi da dama na Kalifoniya suna da irin wannan tsari, a Kolorado ma ango da amarya suna iya ƙulla aurensu da kansu.

A Najeriya takardar ba ta da amfanin komai. Dokar aure ta tarayya ta ce auren coci da za ta amince da shi sai an ɗaura shi a wurin ibadar da aka ba lasisi, wanda ma'aikatar harkokin cikin gida ce ke bayarwa, a hannun limamin da ɗariƙar cocin ta sani, ƙofofi a buɗe tsakanin ƙarfe 8 na safe da 6 na yamma, a gaban shaidu aƙalla biyu, bayan an kafa sanarwa ta kwana 21 an kuma karɓi takardar magatakardan aure. Wanda ya ɗaura aure yana sane da cewa bai cancanta ba yana fuskantar ɗaurin shekara 5. Majami'u irin su ECWA da COCIN da EYN ba sa naɗa mutum sai ya yi karatu a makarantun tauhidi kamar na Bukuru da Kagoro ya kuma yi hidima a idon jama'a, kuma babu wata takarda daga ƙetare da za ta maye gurbin wannan.

Maganar biza kuwa yaudara ce tsagwaronta. Bizar ma'aikatan addini ta R-1 tana buƙatar mutum ya kasance ɗan ɗariƙar na aƙalla shekara biyu kafin a nema, kuma ƙungiyar addini mai rajista a Amurka wadda za ta ɗauke shi aiki ce ke shigar da takardar I-129 a madadinsa. Wanda ya gabatar da takardun bogi yana iya jawo wa kansa haramcin shiga ƙasar har abada. A nan ne kuma dillalan ke neman hoton fasfo da ranar haihuwa da lambar shaida ta Amurka da ake kira Social Security, abubuwan da naɗin gaskiya ba ya tambaya, su kuma dage a biya ta katin kyauta ko kuɗin kirifto ko asusun wani mutum, domin kada a iya dawo da kuɗin.

Kafin a biya kowa, a kira ofishin magatakardan garin da za a yi bikin a tambaye shi wanda doka ta yarda ya ɗaura aure a can da takardun da ake buƙata. Wanda ya riga ya biya ya adana rasit da hotunan hirarsu, ya sanar da bankinsa nan take, ya kai ƙara ga hukumar kare masu saye ta FTC ko ofishin babban lauyan jiharsa idan a Amurka yake, ko ga EFCC idan a Najeriya ne. Ma'auratan da irin wannan limami ya ɗaura wa aure su nemi kwafin rajistar aurensu daga ofishin da ya ba da lasisin, su nuna wa lauyan da ya san dokar iyali ta wurin, idan ya ga akwai giɓi su je gaban magatakarda ko alƙali a sake ƙulla shi yanzu da dukkansu biyun suna raye.