Gwajin kaki a cibiyoyin DOTS: abin yabo da inda ake gazawa

Tarin da ya haura mako biyu ya wuce aikin sirop na kemis, balle in ga rama, zazzaɓin yamma, gumin dare ko jini a kaki. Inda ya dace a nufa shi ne sashen tarin fuka, wato DOTS, da ke yawancin asibitocin gwamnati a Najeriya. Gwaji da magani kyauta ne, kuma kiran 3340 zai nuna maka cibiya mafi kusa.

Na'urar GeneXpert ce ƙashin bayan aikin. Cikin kusan awa biyu tana gano ƙwayar cutar, ta kuma nuna ko ta bijire wa rifampicin, ɗaya daga cikin manyan magungunan tarin fuka, abin da madubin duba ƙwayoyin cuta (microscope) ba ya iya nunawa. Amma sakamako ya dogara da abin da aka zuba a robar gwaji. Mutane da yawa miyau suke kawowa. A kurkure baki da ruwa, a fita fili, a ja dogon numfashi sau uku, sannan a kakaro kaki daga ƙirji, kamar cikin ƙaramin cokali.

In an samu cutar kuma ba ta bijire wa magani ba, magani wata shida ne. Wata biyu na farko ƙwaya ce mai haɗin rifampicin, isoniazid, pyrazinamide da ethambutol, sauran wata huɗun kuma magunguna biyun farko kawai, gwargwadon nauyin mutum. Fitsari zai yi ja-ja, wannan ba komai. Ido ya yi rawaya, ko amai ya ƙi tsayawa, ko gani ya dushe, a koma asibiti ranar. Mata su sani rifampicin na rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa. Sauƙi kan zo tun makonnin farko, a nan ne wasu ke ajiye magani, cutar ta dawo da taurin kai.

Gazawar a fili take. Ƙaramar cibiyar da ba ta da na'ura sai ta aika kaki wani wuri, awa biyu ta koma kwanaki, ga matsalar wuta. Hoton ƙirji ma sau da yawa sai an biya. Wanda ya fi damun mu shi ne mutumin da aka ce ba shi da tarin fuka aka sallame shi haka nan, alhali bai daina tari ba. Wannan ya nemi likita ya duba masa asma, majinar da ke gangarowa maƙogwaro, ƙwannafi, hayaƙin taba ko na itace, da maganin hawan jini irin su lisinopril da captopril, masu jawo busasshen tari har sai an canza su.

Kada a sha magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su ciprofloxacin ko levofloxacin kafin gwaji, domin suna lafar da tarin fuka na ɗan lokaci, su jinkirta gano shi. Kuma in an tabbatar da cutar, a kai mutanen gida a duba su, musamman yara 'yan ƙasa da shekara biyar.