Gargaɗi ga masu haɗa kwamfuta a Accra game da wani mai sayar da madabod

Assalamu alaikum. Ina rubuta wannan ne domin 'yan'uwa na Nima, Mamobi da Sabon Zango waɗanda ke haɗa manyan kwamfutoci don tace bidiyo ko wasanni, saboda akwai wani mutum da ke tallata babban allon kwamfuta, wanda mu masu gyara muke kira madabod, a zaurukan WhatsApp na unguwanninmu, kuma kayansa ruɓaɓɓu ne da aka yi wa kwaskwarima. Ba shi da shago. Yana cewa wani yayansa ne ke aiko masa da kayan daga Jamus, kuma kullum wurin haɗuwa da shi gefen Tip Toe Lane ne a Circle, inda hayaniya da turereniya ba sa barin mutum ya natsu ya duba abin da yake saye.

Ƙanena ne ya faɗa hannunsa. Ya biya sidi 4,000 ta MoMo, wato hanyar tura kuɗi ta waya, a kan allo samfurin Z790, irin masu tsadar nan da aka lulluɓe da ƙarfe baƙi tun daga sama har ƙasa. Da ya nuna ɗan shakku, sai mutumin ya ɗora masa allon a tafin hannu ya ce, "Malam, ɗaga ka ji nauyi, ai kaya mai kyau shi ke sayar da kansa." Daga nan ya kai shi wani lungu, ya jona allon da ƙaramin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, samfurin Core i3, hoto ya fito, fitilu masu launi suka kama, ciniki ya faɗa cikin minti biyar.

A wannan gwajin ne damfarar take, kuma sai an san abin da ƙarfen yake yi kafin a gane ta. Wutar da ke shiga allon domin furosesa bolt 12 ce, alhali furosesa ba ya shan abin da ya wuce bolt ɗaya da 'yan kai, don haka akwai jerin ƙananan na'urori a kewayen mazauninsa, waɗanda ake kira VRM, da ke rage ƙarfin wutar suna daidaita ta. Furosesa irin Core i9-13900K yana iya jan wat 253 idan aiki ya yi nauyi, wato wajen amfiya 200 ke ratsa waɗannan 'yan na'urori, kuma zafin da suke fitarwa ba na wasa ba ne. Shi ya sa ake ɗora musu ƙarfen alminiyam mai tsagi-tsagi, wani lokacin har da bututun tagulla a cikinsa, sannan a shimfiɗa wata roba mai laushi a tsakani wadda ke ɗaukar zafin ta miƙa wa ƙarfen. Idan babu robar nan, ƙarfen ado ne kawai. Core i3 kuwa wutar da yake ja ba ta kai ko rabin haka ba, don haka ko allo mai rauni zai ɗauke shi na ɗan lokaci ba tare da ya tona wa kansa asiri ba.

Da ƙanena ya kawo mini allon, muka ɗora masa babban furosesa muka sa shi fitar da bidiyon wani biki. Kafin minti goma manhajar HWiNFO mai nuna zafin sassan kwamfuta ta nuna zafin sashen wutar ya haura digiri 100, gudun injin ya faɗi, daga baya ya mutu gaba ɗaya, amma abin mamaki da na taɓa ƙarfen da yatsa sai na ji ɗumi-ɗumi kawai. Na sa sukudireba na kwance shi. A ƙarƙashi babu robar ɗaukar zafi ko kaɗan, sai soso mai gam irin wanda ake manna hoto a bango da shi. Biyu daga cikin na'urorin an cire su an bar gurbinsu da tabon dalma, allon kuma ya yi launin ƙasa-ƙasa a wurin, alamar ya taɓa ƙonewa. Kan kusoshin ma duk ya cinye saboda yawan kwancewa, abin da ƙanena zai iya gani tun a Circle da an ba shi sarari. (Na yi masa faɗa, amma a gaskiya ni ma da ido kaɗai na duba da na iya ruɗuwa, domin an goge allon tas.)

Duk wanda zai sayi irin wannan allo na hannu, kada ya tura ko sisi kafin a kai shi wurin mai gyaran da shi ya zaɓa, a ɗora masa furosesa mai nauyi, a bar shi yana aiki na aƙalla rabin awa ana kallon zafinsa. A haska tocila cikin mazaunin furosesa, domin a mazaunin irin wannan allo, samfurin LGA 1700, allurai 1,700 ne a jikin allon kuma lanƙwashewar ɗaya tana iya hana ramin RAM, wato ma'adanar bayanai ta wucin gadi, aiki. A kuma duba ko lambar da ke jikin allon ta yi daidai da ta kwalin. Mai sayarwar da ya ce ba za a kwance ƙarfen ba saboda garanti, alhali ba shi da rasit, a bar masa kayansa.

Mun kai rahoto ga 'yan sanda, mun kuma kira 292, layin hukumar tsaron intanet ta Ghana. Mutumin ya riga ya sauya lamba da suna, sai dai hotunan tallansa ba su sauya ba: kullum allon yana kan wani koren kafet mai ƙunar dutsen guga a kusurwa ɗaya.