Shekara guda da akodiyon ɗin da na saya a gwanjo

Tun ina yaro nake jin muryarsa a kaset ɗin waƙoƙin Sudan da yayana yake sakawa da daddare, ban san ko mene ne yake wannan kuka mai kaɗawa ba. Sai da na girma na fara danna kibod sannan na gane akodiyon ne. Makaɗan Khartoum da Omdurman sun daɗe da mai da shi nasu, kuma da yake waƙarsu a kan sauti biyar take tafiya kamar yawancin tamu, yana shiga kunnen Bahaushe ba tare da sallama ba.

Bara na ci karo da ɗaya a shagon kayan gwanjo, ja, a cikin akwatinsa. Tambarin kamfanin ya ɓamɓare, abin da ya saura shi ne rubutun da ya nuna a Italiya aka ƙera shi. Wannan bai ba ni mamaki ba, domin garin Castelfidardo ya shahara da wannan sana'a tun da Paolo Soprani ya buɗe masana'antarsa a 1863, shekaru 34 bayan Cyrill Demian ya yi wa kayan rajista da sunan akodiyon a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya a 1829. Nawa matsakaici ne: madannai 34 irin na fiyano a hannun dama, maɓallai 72 a hagu, nauyinsa kusan kilo 8. Babban, mai madannai 41 da maɓallai 120, yakan kai kilo 10 ko fiye, kuma yanzu da na ɗanɗana tsayuwar awa guda da nawa a ƙirji, na gode Allah da ban samu babban ba.

Abu na farko da mai kibod zai sha mamaki a kai shi ne yatsa ba ya ƙara sauti ko rage shi. Ko ka danna da ƙarfi ko a hankali, duk ɗaya ne. Ƙarfin murya da laushinta a hannun hagu suke, hannun da yake jan zugazugi. Na kira shi zugazugi don ban ga bambancinsa da na maƙera ba, sai dai shi da kwali aka yi shi, an nannaɗe shi ninki-ninki, an rufe da yadi, kowace kusurwa an saka mata 'yar fata mai laushi daga ciki don ta riƙa lanƙwasa ba tare da iska ta fita ba, an kuma ɗora mata hular ƙarfe daga waje saboda gogayya. Wata uku na yi kafin na iya juya zugazugin daga ja zuwa turawa ba tare da waƙar ta yi tuntuɓe ba. Amma ranar da abin ya zauna, na ja sauti guda na fara shi kamar raɗa, na kumbura shi har ya cika ɗakin, na sake mai da shi raɗa, sai na ji abin da kibod bai taɓa ba ni ba. Don wannan kaɗai ban yi da-na-sanin kuɗina ba.

Sai dai ban iso nan da sauƙi ba. A makon farko na lura madannai uku suna kuka idan na ja, suna yin shiru idan na tura. Wasu kuma na ƙasa suna wani gurnani kafin muryar ta fito. Aka kwatanta mini wani dattijo da ya daɗe yana gyaran ogan na majami'u. Da na kai masa, bai ko danna komai ba. Ya kwance maɗauran zugazugin, ya riƙe ɓangaren dama, ya bar ɓangaren hagu ya yi ƙasa da nauyinsa, yana ƙirgawa. Kafin ya kai goma ya buɗe gaba ɗaya.

"Ɗana, wannan yana shan iska ta wani wuri. Mai lafiya sai ka gaji da jira."

"To Baba, zugazugin ne ya huje?"

"Bari mu gani tukuna."

Ya ɗauko filaya ya zare 'yan ƙusoshin da suke riƙe zugazugin da gangar jikin, ya jera su bi da bi don kowace ta koma raminta. A nan na fara ganin cikin akodiyon, kuma da zan ba mai son saye shawara guda, ita ce kada ya biya sai an buɗe masa wannan wuri.

A ciki akwai wasu sandunan katako masu ɗaki-ɗaki kamar saƙar zuma. A bakin kowane ɗaki an manna wani ɗan faranti na alminiyam mai tsaga biyu, kowace tsaga an ɗora mata siririn harshe na ƙarfe, an kafe gindinsa da ƙusa, an bar bakinsa yana lilo. Harshe ɗaya yana wannan fuska, ɗayan yana waccan. Iska idan ta tura harshen cikin tsagarsa, sai ya yi ta shiga yana fita da sauri, yana yanka iskar, wannan shi ne sautin. Harshe ba ya kuka sai iska ta zo masa ta fuska guda, shi ya sa kowane sauti yake da biyu, na ja da na turawa. A irin nawa duka biyun murya ɗaya aka ba su. A ƙananan akodiyon masu maɓallai zalla, irin wanda makaɗin Yarbawa I. K. Dairo ya shigo da shi kiɗan juju, ja daban, turawa daban.

A bayan kusan kowace tsaga kuma akwai 'yar fata siririya kamar ganyen albasa, aikinta ta toshe harshen da ba lokacinsa ba ne don kada iska ta ɓata. Waɗannan fatun ne suka bushe suka nannaɗe a nawa, su ne masu gurnanin, su ne kuma suke sa zugazugin ya ƙare da wuri idan ana kiɗa. Su kuwa madannan da suka yi shiru, ƙura ce ta shiga tsakanin harshe da tsaga. Tazarar wurin ba ta fi kaurin gashi ba, ƙwayar rairayi guda ta isa ta kama harshe. Baba ya ɗaga kowanne da bakin siririn ƙarfe, ya hure, suka dawo. Yoyon iskar kuma daga bakin firam ɗin zugazugin yake, inda abin da aka shimfiɗa don ya toshe haɗin ya mutu. Kwalin kansa lafiya lau.

Na zauna na yi lissafi a gabansa. Hannun dama yana da jeri uku na harsuna, kowane jeri madannai 34, kowane madanni harshe biyu: 204. Hagu yana da jeri huɗu na sauti 12, harshe bibbiyu: 96. Harsuna 300 ke nan a cikin akwatin da nake rungumewa, kowanne an saita shi da hannu. Idan aka goge bakin harshe da magagari, muryarsa ta ƙara tashi, idan aka goge kusa da gindi ta sauka. Manyan harsuna masu kauri har ɗan nauyin tagulla ake ɗora musu a baki don su yi lilo a hankali. Kuma a nan na samu amsar tambayar yarintata: daga cikin jeri ukun nan, biyu murya ɗaya suke, amma da gangan aka ɗaga ɗaya kaɗan sama da ɗan'uwansa. Idan suka yi kuka tare sai su riƙa gogar juna, wannan ita ce kaɗawar da nake ji a kaset ɗin yayana. Maɓallai biyar da ke saman madannai su ne suke zaɓar jerin da zai yi magana, ta hanyar jan wasu siraran faifai masu huji da suke buɗe ɗakunan ko su rufe su. Ni dai wanda yake haɗa tagwayen nan biyu na fi so, da wuya na bar shi.

Madannan dama ba su da wani sirri. Kowanne sanda ce mai sifirin, ka danna nan, can ta ɗaga wani murfi mai shimfiɗar fata, iska ta samu hanya. Hagu ne abin kallo. Maɓallai 72, amma sauti 12 kacal suke rabawa, ta hanyar ɗaruruwan sanduna da ƙugiyoyi da suka saƙu da juna. Layi shida ne: biyu na farko sauti ɗai-ɗai masu kauri, huɗun da suka rage kowane maɓalli yana ɗaga murfi da yawa lokaci guda ya ba ka haɗin sauti cikakke da yatsa ɗaya. Ana kiran tsarin Stradella, sunan wani gari a arewacin Italiya. Ba ka ganin hannunka na hagu sam, da lalube ake yi, shi ya sa aka yi wa maɓallin C ɗan rami a kai don yatsa ya gane gida. An jera su yadda sautukan da suka fi tafiya tare suke maƙwabtaka, saboda haka maɓallai uku da ke jere sun ishe ka raka waƙoƙi da yawa. Baba ya gargaɗe ni kada na kuskura na kwance wannan ɓangaren da kaina, kuma da na ga yadda yake ban yi musu ba.

Inda kayan ya fi ba ni wahala shi ne yanayinmu. Waɗancan farantan ba da gam ko ƙusa aka manna su ba, da kakin zuma ne da aka haɗa da ƙaron itace. Kakin zuma yana narkewa a wajen digiri 62 na ma'aunin Celsius, kuma yana yin laushi tun kafin nan. A bazara na bar shi a bayan mota na 'yan awanni da rana, da na dawo faranti biyu sun zame daga wurinsu, sai da aka sake narka kaki aka zauna da su. Da hunturu kuma ƙura ta sake kama harsuna har sau biyu, fatun da ba mu canja ba suka ƙara nannaɗewa. Da damina akwai tsoron tsatsa a kan harsunan, don haka ba na ajiye shi a ƙasa ko jikin bango. Yanzu kullum yana cikin akwati, a tsaye yadda ake riƙe shi, a ɗaki mafi sanyi a gidan. Kayan gyara ma ba a samunsu a kasuwa. Fatar da Baba ya yi amfani da ita ta tumaki ce da ya sa wani baduku ya fefe masa har ta yi siriri, ta yi aiki a manyan harsuna, amma ƙananan suna buƙatar wadda aka yi dominsu, sai an yi oda ta intanet.

Maɗauran kafaɗa da ya zo da su sirara ne, suna cin kafaɗa, na ba baduku ya ɗinka mini masu faɗi da soso a ciki. Abin da na kashe a gyara ya kusa rabin kuɗin sayen, kuma duk wanda zai sayi tsoho ya sa wannan a lissafinsa tun farko. Ya gwada kowane madanni da kowane maɓalli a ja da turawa, ya shinshina cikin zugazugin ko akwai warin rima, ya duba kakin ko ya tsattsage. Idan harsuna sun yi tsatsa, ya bar shi komai arharsa, domin saita su aikin gwani ne kuma gwanayen ba su da yawa a wajenmu.

Har yanzu akwai harshe guda a can sama da yake jinkirin amsawa idan na tura a hankali. Baba ya ce bakinsa ya ɗan ɗagu fiye da kima, za mu kwantar da shi idan fatun da na yi oda sun iso, mu buɗe sau ɗaya mu gama duka.